Tarihin Gidan Wasan Na'ura, daga Zamanin Jefa Sulalla zuwa Wayar Hannu

Gidan wasan na'ura, wato shago ko zauren da ake jera na'urorin wasa domin duk mai bukata ya biya kuɗi kaɗan ya yi wasa na ɗan lokaci, sana'a ce da ta girmi wasan bidiyo kansa da kimanin shekara tamanin, kuma tarihinta yana bayyana abubuwa da yawa game da yadda talakawa suke haɗuwa da sabuwar fasaha da yadda iyaye da hukumomi suke karɓarta. Sana'ar tana tsirowa ne a duk inda na'ura ta fi ƙarfin aljihun magidanci, domin a nan ne ake samun wanda zai saye ta ya raba tsadarta a kan ɗaruruwan mutane, kowa ya biya gwargwadon mintunan da ya ci. Tana kuma dusashewa da zarar na'urar ta yi araha ta shiga gidaje. A tsakanin tsirowar da dusashewar ne ake jin koke-koken jama'a, waɗanda idan aka bi su ƙasa bayan ƙasa za a tarar sun fi karkata ga tambayoyi huɗu: ina yaro yake, da wa yake tare, ina ya samo kuɗin, kuma yaushe zai dawo gida.

Asalin sana'ar yana komawa ga ƙarshen ƙarni na goma sha tara a Amurka. A shekarar 1889 wani ɗan kasuwa mai suna Louis Glass ya kafa garmaho irin na Thomas Edison a wata mashaya da ke San Francisco, ya yi masa ramin jefa kuɗi, ta yadda mutum zai jefa santi biyar ya saurari waƙa ta cikin wani bututu da yake karawa a kunne. A watan Afrilu na 1894 aka buɗe wani shago a titin Broadway na birnin Niyok inda aka jera akwatuna goma na kallon hoto mai motsi, kowane akwati da 'yar tagar da mutum ɗaya yake leƙawa. Daga nan irin waɗannan shaguna suka bazu a biranen Amurka da Ingila, musamman kusa da tashoshin jirgin ƙasa da wuraren shaƙatawa na bakin teku, ana tara musu na'urorin gwada ƙarfin damtse da na auna nauyi da na leƙen hotuna. Mafi yawan masu shiga ma'aikatan masana'antu ne da baƙin da suka shigo ƙasar neman abinci da samari marasa aure, kuma tun a wancan lokaci limaman coci da ƙungiyoyin gyaran tarbiyya suka fara kallon wuraren a matsayin matattarar zaman banza.

Wasan da ya mayar da sana'ar babbar harka shi ne fimbol, wato wani teburi mai gangara da aka rufe da gilashi, wanda ake harba ƙaramar ƙwallo zuwa samansa sannan ta gangaro tana karo da ƙusoshi har ta faɗa ɗaya daga cikin ramukan da aka rubuta wa maki. A shekarar 1931, ana tsakiyar mummunan karyewar tattalin arzikin da ta jefa miliyoyin Amurkawa cikin rashin aiki, David Gottlieb na birnin Shikago ya fitar da wani teburi mai suna Baffle Ball, wanda ake bugawa da santi ɗaya tak, aka kuma sayar da dubun-dubatarsa ga masu shagunan magani da na aski da na sayar da taba. Matsalar da ta biyo baya ita ce, a wancan zamani mai wasa ba shi da wani iko a kan ƙwallon bayan ya harba ta, sa'a ce kawai take yanke hukunci, kuma ba a daɗe ba wasu kamfanoni suka fara ƙera teburan da suke biyan kuɗi ga wanda ya ci. Da haka wasan ya shiga sahun caca a idon doka. Birnin Los Angeles ya haramta shi a 1939, sannan a watan Janairu na 1942, makonni kaɗan bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, magajin garin Niyok, Fiorello La Guardia, ya sa 'yan sanda suka kwashe dubban tebura aka farfasa su da guduma, bisa hujjar cewa suna cinye kuɗin abincin 'yan makaranta kuma suna azurta gungun masu laifi.

Abin lura a wannan dambarwa shi ne muhawarar da ta haifar a kan bambanci tsakanin wasan sa'a da wasan gwaninta, bambancin da Bahaushe ya daɗe da saninsa tsakanin dara, wadda ake cin ta da kaifin tunani, da karta idan an ɗora mata kuɗi. A shekarar 1947 kamfanin Gottlieb ya ƙara wa teburin wasu 'yan fikafikai da mai wasa yake motsawa da maɓalli domin ya mayar da ƙwallon sama, abin da ya sa ƙwarewar hannu ta fara tasiri a kan sakamako. Duk da haka haramcin Niyok ya ci gaba har shekarar 1976, lokacin da wani matashin marubuci mai suna Roger Sharpe ya buga wasan a gaban 'yan majalisar birnin, ya nuna musu cewa gwani yana iya aika ƙwallo inda ya nufa, sannan suka janye dokar bayan shekara 34.

A cikin wannan gida mai tsohon tabo wasan bidiyo ya sauka. Wasannin farko na kwamfuta an yi su ne a jami'o'i da ɗakunan bincike, kuma wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Spacewar, wanda Steve Russell da abokansa suka rubuta a cibiyar fasaha ta MIT a 1962 a kan kwamfutar PDP-1, wadda kuɗinta ya kai dala 120,000, abin da ya sa ɗalibai da injiniyoyi kaɗan ne suka taɓa ganinsa. Nolan Bushnell, wanda ya karanta injiniyanci a Jami'ar Utah kuma ya yi aiki a wani filin shaƙatawa yana kula da rumfunan wasanni, shi ne ya haɗa ilimin biyu, ya gane cewa idan aka sami hanyar ƙera irin wannan wasa da kayan lantarki masu araha aka yi masa ramin kuɗi, to za a iya sayar da shi minti-minti kamar fimbol. Gwajinsa na farko tare da Ted Dabney, wato Computer Space na 1971, ya yi wa masu shiga mashaya wuyar fahimta. A 1972 su biyun suka kafa kamfanin Atari, injiniyansu Allan Alcorn ya ƙera Pong, wasan da bai wuce layuka biyu da ɗigo ɗaya mai kai-komo a tsakaninsu ba, aka ajiye shi a wata mashaya a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya, kuma cikin 'yan kwanaki na'urar ta tsaya saboda akwatin kuɗinta ya cika ya toshe. Dillalan da suke rarraba teburan fimbol da akwatunan kiɗa su ne suka ɗauki sabon wasan suka kai shi mashayu da tashoshi, don haka ya gaji abokan cinikinsu, ya kuma gaji zargin da ake yi musu.

Bunƙasar gaske ta zo ne daga Japan a shekarar 1978, lokacin da kamfanin Taito ya fitar da Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙera shi kaɗai. A wannan wasa mai wasa yana harbin jerin wasu halittu da suke saukowa daga saman allo, suna ƙara sauri yayin da adadinsu yake raguwa, kuma wasan ba shi da ƙarshe, domin duk rundunar da aka gama da ita wata ce take maye gurbinta. Na'urar tana riƙe maki mafi yawa da aka taɓa samu tana nuna shi ga duk wanda ya zo, abin da ya mayar da wasan gasa tsakanin mutanen da ba su ma san juna ba. Shagunan shan gahawa a Tokyo da Osaka suka musanya teburansu da tebura masu allon wasa, aka kuma buɗe gidajen da babu komai a cikinsu sai wannan wasa ɗaya, ana biyan yen ɗari a kowane zagaye. Bayan shekara biyu kamfanin Namco ya fitar da Pac-Man na Toru Iwatani, wanda aka tsara shi da gangan domin ya jawo mata da waɗanda harbe-harbe ba ya burge su, aka sayar da akwatunansa sama da 100,000 a Amurka kaɗai. Ƙiyasin da aka fi ambata yana nuna cewa a 1982 Amurkawa sun zuba kimanin dala biliyan 8 a ramukan waɗannan na'urori, santi 25 bayan santi 25.

Ya kamata a fahimci yadda lissafin sana'ar ya tsara siffar wasan kansa, domin a nan ne tushen yawancin ƙorafin yake. Mai gidan wasa yana samun riba ne idan kowane zagaye ya ƙare cikin mintuna kaɗan, saboda haka masu ƙira suka koyi yin wasan da yake da sauƙin farawa, yake tsananta da sauri, kuma yake kayar da mutum ta yadda zai ga kamar kuskurensa ne ya kayar da shi, har ya ji cewa da zai sake jefa kuɗi sau ɗaya da ya wuce wurin. Wannan dabara ta tsayar da mutum a kan gaɓar nasara ita ce ta cika akwatunan kuɗi, ita ce kuma ta sa yaro mai santi hamsin na abincin rana yake komawa gida da yunwa. Sai dai tsarin yana ɗauke da birkinsa a cikinsa, tunda sulalla suna ƙarewa, akwai mutane a baya suna jiran layi, kuma mai shago yana kashe wuta ya rufe ƙofa idan dare ya yi.

Martanin hukumomi a shekarun 1981 da 1982 ya zo kusan a lokaci ɗaya a nahiyoyi uku. A Birtaniya, ɗan majalisa George Foulkes ya gabatar da ƙudiri a watan Mayu na 1981 da yake neman a ba ƙananan hukumomi ikon taƙaita waɗannan na'urori, yana kafa hujja da rahotannin yaran da suke gudun makaranta suna satar kuɗin iyayensu, amma ƙudirin ya faɗi da ƙuri'a 114 a kan 94. A Filifin, shugaba Ferdinand Marcos ya haramta na'urorin baki ɗaya a watan Nuwamba na shekarar, bayan koke-koken ƙungiyoyin iyaye da malamai. A Amurka, garin Mesquite na jihar Teksas ya hana 'yan ƙasa da shekara 17 yin wasa sai tare da iyayensu, rigimar da ta kai har Kotun Ƙoli a 1982, yayin da garin Marshfield na jihar Massachusetts ya kafa haramcin da bai janye ba sai a 2014. A watan Nuwamba na 1982 babban jami'in lafiya na ƙasar, Dakta C. Everett Koop, ya bayyana a wani taro cewa yara suna kamuwa da wasannin kamuwa mai tsanani, amma washegari ya fitar da sanarwa cewa ra'ayinsa ne kawai ya faɗa, babu binciken kimiyya da ya dogara da shi.

Adalci ga iyayen wancan zamani yana bukatar a rarrabe tsakanin abin da suka gani da idonsu da abin da aka faɗa da sunansu. Gudun makaranta da ɗauke-ɗauken kuɗi da daɗewa a waje cikin dare abubuwa ne da suka faru, kuma duk uban da ya damu da su yana da gaskiya. Iƙirarin cewa allon yana lalata ƙwaƙwalwa ko yana mayar da yaro mai kisa shi ne ya rasa hujja, amma shi ya fi cika jaridu, domin ya fi saurin tayar da hankali. Ƙasar da ta fi kama bakin zaren ita ce Japan, wadda ta gyara dokarta ta wuraren nishaɗi, gyaran da ya fara aiki a 1985, ta sanya gidajen wasa a ƙarƙashin lasisin hukumar tsaron jama'a, ta tilasta musu rufewa da tsakar dare, ta kuma kayyade sa'ar da yara za su fice. Dokar ta fuskanci wuri da lokaci, waɗanda su ne ainihin abin da ake kuka da shi, kuma sana'ar ta rayu a Japan shekaru da yawa bayan ta durƙushe a Amurka.

Abin da ya durƙusar da gidajen wasa a Amurka shi ne shigar na'ura cikin falo. Tun a 1972 kamfanin Magnavox ya fitar da Odyssey, na'urar gida ta farko, bisa ƙirar Ralph Baer, sannan Atari ya biyo da tasa mai karɓar kaset a 1977. Kasuwar ta cika da wasanni marasa inganci har ta rushe a 1983, shekarar da Atari ya binne tarin kasusuwan da suka ƙi sayuwa a wata bola a garin Alamogordo. A wannan shekarar ce kuma Nintendo, kamfanin da aka kafa a Kyoto tun 1889 domin buga katin wasa, ya fitar da Famicom a Japan, ya kai ta Amurka a 1985 tare da sharaɗin cewa babu wasan da zai hau na'urarsa sai da izininsa. Gidajen wasa sun ɗan farfaɗo da zuwan Street Fighter II a 1991 da Mortal Kombat a 1992, wasannin dambe da suke haɗa mutum biyu gaba da gaba, amma jinin da ake nunawa a na biyun ya kai maganar Majalisar Dattawan Amurka a watan Disamba na 1993, inda sanatoci Joseph Lieberman da Herb Kohl suka jagoranci zaman sauraron bahasi. Sakamakonsa shi ne kafa hukumar ESRB a 1994, wadda take manna wa kowane wasa alamar shekarun da ya dace da su. Daga nan akalar damuwa ta juya daga inda yaro yake zuwa abin da yake gani, tunda yanzu yana cikin ɗakinsa. A 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata dokar jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara wasannin tashin hankali, tana mai cewa binciken da aka gabatar mata bai tabbatar da cewa wasannin ne suke haddasa ta'adi ba.

Sana'ar da ta durƙushe a Amurka ta sake haihuwa a wasu wurare, bisa ƙa'idar da ta haife ta tun farko. A Koriya ta Kudu, bayan rikicin kuɗi na 1997 da ya raba dubban mutane da ayyukansu, da yawa daga cikinsu sun zuba kuɗin sallamarsu a ɗakunan kwamfuta masu intanet mai sauri, inda ake biya da sa'a, kuma zuwan wasan StarCraft a 1998 ya cika ɗakunan har adadinsu ya haura 20,000 a farkon shekarun 2000. Daga cikinsu ne gasar wasan bidiyo ta zama sana'a mai 'yan wasa masu albashi da tashoshin talabijin. A ƙasar Sin, wadda ta haramta sayar da na'urorin wasa na gida a shekarar 2000, matasa sun koma shagunan intanet, da yawansu marasa lasisi. A watan Yuni na 2002 wasu yara da aka hana shiga wani irin wannan shago a birnin Bejin suka cinna masa wuta, mutum 25 suka mutu, akasarinsu ɗalibai, domin an kulle ƙofa an kuma sa wa tagogi ƙarafa saboda gudun idon hukuma. Wannan masifa ta nuna haɗarin da yake tattare da tura sana'a cikin ɓoye, domin ƙofar da aka kulle don kada jami'ai su gani ita ce ta hana mutane tsira.

A ƙasar Hausa gidan gem, kamar yadda ake kiransa, ya tarar da al'ummar da take da nata tsarin wasa da nata tarihin zargin wuraren kallo. A gargajiyance dandali ne matattarar yara da samari da 'yan mata bayan sallar isha, musamman a daren farin wata, inda ake langa da kokawa da gaɗa da tatsuniya, kuma ko da yake manya ba sa zama a wurin, fili ne na unguwa da kowa ya san 'ya'yan wa suke cikinsa. Silima ce ta fara kawo nishaɗin da ake biya a ƙofa a shiga cikin duhu tare da baƙi. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937 a wajen ganuwa, kuma gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta hallaka mutum 331, ta ƙarfafa ra'ayin masu ganin wurin a matsayin gidan saɓo, kamar yadda masanin ɗan'adam Brian Larkin ya bayyana a bincikensa kan kafofin sadarwa a Kano. Bayan silima sai bidiyo ya zo, sai gidajen kallo da suke nuna finafinan Indiya da na Hausa, sannan wasannin ƙwallon Turai ta tauraron ɗan'adam, kuma a jikin waɗannan gidaje ko a maƙwabtansu ne gidan gem ya sami wurin zama.

Na'urar da ta kafa sana'ar a biranen arewacin Nijeriya da kudancin Nijar ita ce PlayStation ta kamfanin Sony, wadda ta fito a Japan a watan Disamba na 1994, da magajiyarta ta shekarar 2000 da aka sayar da sama da miliyan 150 a duniya. Dalilin karɓuwarta a fili yake, domin tana amfani da faifai, wanda kwafinsa ya fi kaset araha nesa ba kusa ba, kuma tsofaffin na'urorin da Turai ta gama da su suna shigowa kasuwa a farashin da ƙaramin ɗan kasuwa zai iya. Jarin bai wuce talabijin biyu ko uku da benci da janareto ba, kuma janareton yana daga cikin abin da ake saya, tunda ko yaron da yake da na'ura a gida ba shi da tabbacin wuta. Wasan da ya mamaye shi ne ƙwallon ƙafa, wato jerin Pro Evolution Soccer na Konami da FIFA na EA Sports, a daidai zamanin da Nijeriya ta ci zinare a gasar Olamfik ta 1996 kuma Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, lokacin da goyon bayan ƙungiyoyin Ingila da Sifaniya ya zama ruwan dare a majalisun samari. Ana biya ne a kan kowane wasa, galibi wanda aka ci shi yake tashi ya ba na gaba wuri, kuma masu kallo sukan fi masu bugawa yawa.

Koke-koken da suka biyo baya ba su bambanta da na Birtaniya a 1981 ba sai a tufafinsu: yaron da aka aika cefane ya dawo da canji bai cika ba, ɗalibin da ya bar gida da allo ko jakar Islamiyya amma bai isa makaranta ba, sallar la'asar da ta wuce ana jiran layi, da samarin da suke ɗora kuɗi a kan sakamakon wasa har a kai ga faɗa. Waɗannan koke-koke na gaskiya ne, kuma wanda ya raina su bai san nauyin tarbiyya ba. Amma gidan gem yana da mai shi, wanda aka san sunansa da gidansu, wanda uba zai iya zuwa ya ja masa kunne, mai unguwa zai iya kiransa, limami zai iya yi masa nasiha, kuma da yawa daga cikin masu wannan sana'a suna kashe na'ura idan an kira salla suna korar masu kayan makaranta, ko don tsoron Allah ko don kare kasuwarsu. Haka nan wurin ya kasance na maza zalla, abin da ya sa 'yan mata da yawa ba su fara taɓa wasan bidiyo ba sai da waya ta shigo gida.

Wayar hannu ce ta rushe wannan tsari gaba ɗaya. Kamfanin Nokia ya sa wasan maciji a wayoyinsa tun 1997, kuma da aka fara layukan GSM a Nijeriya a 2001 wannan wasa ya zama na farko da miliyoyin mutane suka taɓa bugawa, ciki har da dattawan da ba za su taɓa taka ƙofar gidan gem ba. Bayan buɗe shagunan manhajoji na Apple da Google a 2008 sai aka koma wani sabon lissafi, inda ake ba da wasa kyauta amma a riƙa sayar da ƙananan abubuwa a cikinsa ko a cika shi da talla, ta yadda ribar kamfani ta dogara ga tsawon lokacin da mutum ya ɓata. Mai ƙirar wasan sulalla yana so a kayar da mutum cikin minti uku domin na baya ya matso, shi kuwa mai ƙirar wasan waya yana so kada a ajiye wayar ko kaɗan, kuma a yau wasannin waya suna samar da kusan rabin kuɗin da masana'antar take samu a duniya. Tsohuwar tuhumar caca ma ta dawo da hujja mafi ƙarfi ta hanyar akwatin sa'a, wato wani ƙunshi da ake saya da kuɗi ba tare da an san abin da yake ciki ba sai an buɗe. Japan ta hana wani nau'insa a 2012, hukumar kula da caca ta Beljiyam kuma ta yanke a 2018 cewa caca ce a ƙarƙashin dokar ƙasar.

Hukumomi sun gane cewa sa ido a kan abin da yake cikin aljihu ya fi wuya. Koriya ta Kudu ta kafa doka a 2011 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasan intanet daga tsakar dare zuwa ƙarfe shida na safe, amma ta soke ta a 2021, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne dokar ta shafi kwamfuta ne alhali yaran sun koma waya. A shekarar 2021 ɗin ce kuma ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa sa'a ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, matakin da yake bukatar rajistar kowane ɗan wasa da sunansa na gaskiya, abin da ƙasashe kaɗan ne suke da ikon aiwatarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da shigar da larurar kamuwa da wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta, tana bayyana ta da rasa iko a kan wasa da fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa duk da cutarwar da yake yi, yawanci na tsawon wata goma sha biyu, tare da jaddada cewa kaso kaɗan ne na masu wasa abin yake shafa. A Japan kuwa, gidajen wasa sun ragu daga kimanin 26,000 a 1986 zuwa kimanin 4,000 a 2019, kuma kamfanin Sega, wanda sunansa ya daɗe a kan manyan gidajen wasan Tokyo, ya sayar da ragowar hannun jarinsa a harkar a 2022.

Gidajen gem na garuruwan Hausa suna nan da ransu, domin sababbin na'urori har yanzu sun fi ƙarfin yawancin gidaje kuma wutar lantarki ba ta wadata ba, sai dai duk wanda aka rufe a yau abokan cinikinsa ba dandali suke komawa ba, waya suke ɗauka su shige ɗaki, inda babu mai shagon da za a tuhuma kuma babu sa'ar tashi. Saboda haka ya fi dacewa ƙananan hukumomi da masu unguwanni da hukumomin tace finafinai su yi wa waɗannan gidaje rajista, su hana buɗe su a lokutan makaranta, su kayyade sa'ar rufewa da dare, su tabbatar akwai ƙofar fita da nisa tsakanin janareto da jama'a, sannan su hukunta duk wanda ya bari ana caca a shagonsa.